Yadda Ake Girka libsodium Da Amfani Da Ita

Mai rubuta manhaja a Garwa ko Marwa, wanda ke adana lambobin wayar 'yan kasuwa da bayanan kuɗinsu, ya kamata ya dogara da libsodium, wato tarin shiryayyun ayyukan ɓoye bayanai da ake haɗawa da manhaja, maimakon ƙirƙiro tasa dabarar ɓoye bayanai, domin ta nan ɓaraka ta fi shigowa. A kan Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, sai ka rubuta sudo apt install libsodium-dev, ka ƙara -lsodium wajen harhaɗa shirin, sannan ka kira sodium_init() kafin komai.

Aikin crypto_secretbox_easy, wanda ke ɓoye saƙo, yana buƙatar mabuɗi mai bayit 32 da nonce (lambar da ake amfani da ita sau ɗaya tak) mai bayit 24, wanda dole ne a samar da sabo ga kowane saƙo, misali ta amfani da aikin randombytes_buf, tunda maimaita shi da mabuɗi ɗaya yana tona asirin saƙonnin. Kada ka bar mabuɗin cikin rubutun shirin da za ka ɗora a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja.