In bil ɗin wuta ya zo da kuɗin da ya fi ƙarfin tunaninka, ga ta inda za ka fara

Abu na farko dai kar ka ɗau waya cikin fushi ka kira kamfanin wuta kana faɗa, wanda zai ɗaga wayar ba shi ya rubuta bil ɗin ba, kuma "wallahi ni ban sha wannan wutar ba" ba hujja ba ce a wajensu, kowa ma haka yake cewa. Lambobi suke ganewa, to kai ma ka fara tara naka.

Ɗauki bil ɗin ka je gaban mita. Lambar mitar da ke kan takardar, ita ce a jikin mitarka? Kar ka raina wannan fa, a gidan da mitoci suke jere wuri ɗaya ana musanya su, mutum ya yi ta biyan wutar maƙwabcinsa wata da watanni bai sani ba. In lambar ta yi daidai sai ka duba karatun. Bil da yawa ba wanda ya zo ya karanta mitar, ƙiyasi kawai aka yi, wasu kamfanonin harafin E suke sawa kusa da lambar don nuna hakan. In takarda ta ce 5,900 mitarka kuma tana nuna 5,400, shi kenan ka kama bakin zaren, yunit 500 aka ɗora maka da ba ka sha ba, kuma haƙƙinka ne a sake lissafi da karatun gaskiya. Ɗau hoton mitar nan take yadda lambobin za su fito ras.

Daga nan sai sauran abubuwan da ke cikin takardar: kwana nawa aka lissafa, farashin yunit ya canza ne, an haɗo tsohon bashi ne. Wanda ya fi kama mutane shi ne a daɗe ana ƙiyasi ƙasa da abin da kake sha, kana murna bil ba yawa, rana ɗaya a zo a karanta mitar sai duk gibin ya faɗo maka lokaci guda. Wutar kam ka sha, amma ko a nan akwai iyaka a wasu ƙasashen. A Birtaniya misali, tun 2018 hukumar Ofgem mai sa ido kan kamfanonin wuta ta hana kamfani ya biyo mutum kuɗin wutar da ya sha fiye da wata 12 baya in kamfanin ne bai yi lissafi daidai ba, sai dai in kai ne ka hana a karanta mitar. Ka binciki abin da dokar inda kake ta ce kan wannan kafin ka yarda da tsohon bashi.

Yanzu kuma sai ka yi wa kanka adalci, don wani lokacin bil ɗin gaskiya ya faɗa. Yunit ɗaya shi ne abu mai watt 1,000 ya yi aiki awa ɗaya. Hitar ruwa mai watt 2,000 in tana awa 3 kullum yunit 6 kenan a rana, 180 a wata. Kwan LED mai watt 10 ko awa 10 ya yi kullum yunit 3 ne kacal a wata. Shi ya sa nake dariya in na ga mutum yana bin yara yana kashe kwan ɗaki alhali hita na kunne tun safe, duk abin da ke zafafawa ko sanyayawa shi ke cin wuta, hita, dutsen guga, na'urar sanyaya ɗaki, tsohon firij da robar ƙofarsa ta saki.

In ka lissafa har yanzu abin bai hau ba, gwada mitar. Kashe komai ka zare daga soket, in tana ci gaba da ƙirgawa to ko dai wuta na zurarewa ta wani wajen, ko wani ya jona a layinka, ko mitar ce da kanta. Sai ka sauke babban makunnin gidan ka sake dubawa, in ta tsaya matsalar tana cikin wayarin ɗinka, mai gyaran wuta za ka nema, in ba ta tsaya ba maganar ta koma kan kamfani. Kana da damar neman su gwada mitar a hukumance, amma ka tambaya tukun, wasu wuraren in aka gwada aka ga lafiyarta ƙalau kai za ka biya kuɗin gwajin. Kuma don Allah kar ka buɗe ta ko ka ɓalle hatimin jikinta, da ka taɓa ka tashi daga mai ƙorafi ka koma wanda ake tuhuma.

Ƙorafin a rubuce za ka yi shi, imel ko takarda, gajere: lambar asusunka, bil ɗin da kake ja da shi, karatun da ka gani da ranar, hotuna, da abin da kake so a yi, wato a gyara bil a cire abin da aka ƙara. Ka karɓi lambar ƙorafi. In ta waya kuka yi magana rubuta rana da sunan wanda ya amsa ka, don gobe wani ne zai ɗaga kuma zai ce bai san zancen ba.

Inda mutane ke kuskure shi ne su daina biya gaba ɗaya wai sai an gyara. A'a, ka biya abin da ka saba biya ko abin da lissafinka ya nuna, ka ajiye rasit, ka rubuta musu cewa ragowar ce kake ja da ita kuma kana neman a dakatar da bin ta, kar a yanke maka wuta har a gama bincike. In daga baya ta tabbata da gaske ana bin ka kuɗin, nemi a raba maka shi kaɗan-kaɗan.

In sun yi shiru ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka haura sama. Galibin ƙasashe suna da hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta ko ofishin sasanci mai zaman kansa. A Birtaniyar nan in an yi sati 8 ba a warware ba, ko kamfani ya ba ka takardar cewa iyakar matsayinsa kenan, kana iya kai ƙara wajen mai sasancin kyauta, kuma in ka amince da hukuncinsa dole kamfanin ya bi. Sai dai abin da za su fara tambayarka shi ne ko ka kai wa kamfanin ƙorafi tukun, a nan lambar ƙorafin nan da hotunan mitar za su yi maka rana.