Faransancin lekwal ne jarinka: hanyar zaman dindindin a Kanada ta wajen aiki

Ni ɗan Tawa ne, aikin lissafin kuɗi nake yi a wani kamfanin gine-gine a Yamai. A gidanmu in aka ce tafiya, ci-rani ake nufi: Abijan ko Libiya, a dawo kafin damina. Wannan hanyar daban ce. Kana zaune a Nijar, sana'arka da takardunka su nemo maka izinin zama na dindindin a Kanada. Sunan tsarin Express Entry, tun 2015 yake aiki, kuma daga 2023 suka fara ware gayyata ta musamman domin masu jin Faransanci da za su zauna a wani lardi ban da Kebek. Nan rabonmu yake.

Kada ka fara da komai sai jarrabawar harshe. Na Faransanci biyu suke karɓa: TEF Canada da TCF Canada. Bak ɗinka ba ya tsaya maka, difilom ɗin Faransanci na DELF ma haka. Ana son mataki na 7 a ma'auninsu na NCLC, a ji, magana, karatu da rubutu, kowanne da kansa. Ni da na yi shekara da shekaru ina rubuta wasiƙun ofis, na shiga da gadara, sai ɓangaren saurare ya kusa kayar da ni: murya ta wuce sau ɗaya, kana cikin tunanin tambayar farko ta biyu ta iso. Ka yi wata biyu kana gwaji da agogo a gabanka. Sakamakon shekara 2 yake yi ya mutu.

Sai a auna difilom ɗinka da na Kanada. Na bi ta WES, wata ƙungiya mai auna takardun karatu. Jami'ar da ka gama ce za ta aika musu da makinka, don haka ka tashi da wuri. Wannan takardar tana kai shekara 5.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne shaidar aiki. Ana son shekara ɗaya cur ba yankewa, awa 1,560, cikin shekaru 10 da suka wuce, aikin albashi na ƙwarewa da ke rukunin TEER 0 zuwa 3 a jerin sana'o'in Kanada. Takardar da aka saba ba mu mai layi uku, "wane ya yi aiki a wurinmu", ba ta wadatar. Dole ta fito da kan kamfani, ta faɗi muƙaminka, ranar farawa, awa nawa a sati, albashi, da ayyukan da kake yi ɗaya bayan ɗaya. Sau uku na koma wurin maigidana. A na ukun ya cire tabarau ya ce, "Kai dai gudu za ka yi ka bar ni." Na ce, "Alhaji, albarkarku nake nema." Ya yi dariya ya buga hatimi.

Da waɗannan a hannu sai ka buɗe shafinka a intanet na hukumar IRCC mai kula da shige da fice ta Kanada, kyauta ne. Na nanata kyauta, don kafin in waye wani mai kwat ya karɓe mini jaka 300 da sunan zai samo mini kamfani, har yau wayarsa a kashe. Ga shi ma tun Maris 2025 tayin aiki ba ya ƙara maki. Makin, wanda da shi ake jera masu nema a gayyaci na sama, yana zuwa daga shekaru, ilimi, harshe da ƙwarewa. Ɗan 20 zuwa 29 ne ke kwashe na shekaru duka, daga nan yana raguwa, a 45 babu ko ɗaya. Shafin wata 12 yake yi.

Kuɗin guzuri kuma, waɗanda za ka riƙe kanka da su in ka isa, a banki ake son ganinsu, da wasiƙar da ke nuna yadda asusun ya kasance cikin wata 6. Bashi ba ya shiga, shanun da ke ƙauye ma ba a lissafa su sai an sayar an zuba.

In gayyata ta zo, kwana 60 gare ka. Za a nemi gwajin lafiya wurin likitan da suka amince da shi, da takardar kaziye daga duk ƙasar da ka yi wata 6 a jere cikin shekaru 10 da suka wuce, bayan ka cika shekara 18. Wata takwas ɗin da na yi ina taya kawuna jiran shago a Abijan sai da suka biyo ni. Tun kafin gayyata ka sa wani naka can ya fara bin takardar kaziyen.