Yadda ake yanka da goge dutsen obsidiyan na kan zobe

Obsidiyan dai gilashi ne da aman wuta ke haifarwa, narkakken dutse ne da ya huce da sauri, ana samunsa a Meziko, Amurka, Habasha da Kenya. Taurinsa bai wuce 5 zuwa 5.5 ba a ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, shi yasa yake saurin ciwuwa amma kuma saurin tsagewa gare shi, bakinsa ya fi reza kaifi wallahi, don haka ka sa tabarau tukuna.

Ka yanko falle daga dutsen da zarto mai bakin daimon, ruwa na zuba a kai kada ya yanke. Busasshen aiki babu kyau, zafi na fasa dutsen, ƙurar kuma illa ce ga huhu. Zana siffar ƙwai a kan fallen, rage gefen, sai ka manna shi a kan ɗan sanda da kaki don ka samu wajen riƙo.

Doron saman shi ne aikin. Kana juya sandan a hankali kan samfefa mai ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 220 sannan 600, 1200, 3000, kuma kafin ka sauya lamba ka wanke ka shanya ka duba a hasken rana, don baƙin dutse baya ɓoye karce, ko guda ɗaya ka tsallake sai ya fito ƙarara bayan ka gama, dole ka koma baya.

Ƙarshe ka goge shi da garin seriyam oksaid, wato garin da ake goge gilashi da shi, a jiƙe kan fata, kada ka danna sosai. In baka da inji, masu walda a kasuwar Panteka za su iya haɗa maka faifai kan tsohon injin lantarki mai juyawa. Fara koyo da gindin kwalba kafin ka taɓa dutsen da ka sayo da tsada.