In jijiyar gwiwa ta tsinke: wane aiki za ka zaɓa, yaya za ka tashi

Ƙanena ya murɗe gwiwa wajen balo nan Yamai, ya ce ya ji wani "ɗas", kafin magariba ta kumbura sumtum. Wata biyu muna jigila wajen mai ɗori, a banza. Jijiyar nan ta tsakiyar gwiwa da likitoci ke ce ma LCA, in ta tsinke ɗori ba ya haɗa ta, kuma radiyo ƙashi kawai take nunawa. To abu na farko, je likitan ƙashi ya gwada ƙafar da hannunshi, a yi maka IRM, hoton na'ura da ke nuna har jijiyoyi.

In gwiwar na zille maka wajen juyawa, ko kana balo ko kokowa, za a zo ga maganar aiki. Ba ɗinke jijiyar ake yi ba, wata jijiya ake cirowa daga jikinka a dasa. Akwai KJ, sunan likita Kenneth Jones da ya fito da ita 1963, ana yanko tsakiyar jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa da ɗan ƙashi kowane gefe, ƙashi ya kama ƙashi cikin kamar sati 6, tana da ƙarfi sosai, amma fa mutane da dama na kuka da ciwon gaban gwiwa in sun durƙusa. Mu da ke sujada kullum wannan ba ƙaramar magana ba ce, don Allah ka tambayi likita kai tsaye. Ɗayar kuma DIDT, jijiyoyi biyu na bayan cinya, tabon ƙarami ne, durƙuso ya fi sauƙi, sai dai ta fi jinkirin kamawa cikin ƙashi kuma bayan cinyar na yin rauni sai an motsa shi sosai. Ƙanena tela ne, ita aka yi mashi.

Ni shawarata, ka bar likita ya yi wadda hannunshi ya saba da ita, kai kuma ka ware kuɗin kine, wato ma'aikacin lafiya mai sa ka motsa ƙafar bayan aiki, tun kafin a shiga da kai. Kar a yi aikin alhali gwiwa na kumbure. Bayan aiki abin da za ka fara nema shi ne ƙafar ta miƙe sarai, dunduniya bisa matashi, kar ka sa matashin ƙarƙashin gwiwa ko da ya fi daɗi. Ƙanƙara cikin tsumma, sanduna har kine ya ce ka aje su, sannan keke na tsaye. Gudu wajen wata 3 zuwa 4. Balo kuwa ka haƙura har wata 9, shi ma sai kine ya auna ƙarfin cinyoyin biyu ya ga sun kusa daidai.