Shawara ga masu son sana'ar horar da shugabanni

Duk mai niyyar horar da manyan shugabannin kamfanoni, ya tanadi littafin rubuta kowane zama: ranarsa, tsawonsa, da ko an biya shi. Ƙungiyar masu sana'ar horarwa ta duniya, wato International Coaching Federation (ICF), ba ta ba da shaidar matakin farko, wato ACC, sai an yi karatun sa'o'i 60 da aikin horarwa na sa'o'i 100, 75 daga ciki na kuɗi, kuma zaman da aka yi kafin fara karatun ba ya shiga lissafi. Idan kamfani ne zai biya, a amince a rubuce kan abin da za a sanar da shi, domin daraktan da ke tsoron a kai maganarsa sama ba zai buɗe cikinsa ba.