Kafin ka ce a canza maka batir bayan mizajur

Wata Hajiya, aminiyar mahaifiyata, ta zo teburina a bakin Kasuwar Dole da hantsi, ta kwance wayarta daga bakin gyale ta ajiye mini. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ɗana, cire batirin nan ka sa mini sabo, ya mutu." Na ɗauki wayar na ji bayanta da ɗumi kamar ƙwan da aka tsamo daga ruwan zafi. Na ce, "Hajiya, tun yaushe?" Ta ce tun shekaranjiya da jikanta ya danna mata wani saƙo da ya fito, wayar ta mutu ta tashi da kanta, hotunan fuskarta duk suka sake kama. A da caji ɗaya na kai ta kwana da wuni, yanzu kafin la'asar ya yi ja.

Da na so, da na karɓi jaka biyar ko shida na sa mata batir, ta tafi tana sa mini albarka. Amma wayar ba ta cika shekara ba, saƙon da jikan ya danna kuma na mizajur ne, wato sabunta tsarin waya. Na ce ta ba ni kwana uku, ta bi abin da zan faɗa mata, in bai yi ba ta dawo in canza.

Abin da na faɗa mata shi ne zan rubuta a nan, har da wanda ban faɗa mata ba don kada in cika ta da surutu.

Mizajur babba, wato sabunta tsarin da ke tafiyar da wayar gaba ɗaya, ba ya ƙarewa a lokacin da wayar ta tashi ka ga komai ya dawo. Aikin na gaba. Ka ɗauka mai shago ne ya sake kantoci: an kafa katako an gama, amma sai ya sauke kaya duka ya jera su daga farko, ya sake sanin inda sukari yake da inda sabulu yake. Haka wayar ke bin hotunanka da saƙonninka da lambobin mutane ɗaya bayan ɗaya tana sake lissafa su. A Android kuma akwai ƙarin aiki, domin kowace manhaja sai an sake daidaita ta da sabon tsarin, kafin nan tana tafiya da nauyi tana shan caji fiye da ƙa'ida. Sannan tun daga Android 9 da ya fito a 2018, wayar na koyon ɗabi'ar mai ita, ta san manhajar da kake buɗewa kullum da wadda ka manta da ita, don ta taƙaita wa ta biyun caji. Bayan babban mizajur wani lokaci sai ta koma ajin farko a wannan karatun. Duk wannan a ɓoye ake yin sa, kai dai zafi kake ji a tafin hannu.

Ga inda mu mutanen Damagaram muke cutar kanmu ba mu sani ba. Mafi yawan wannan aikin, wayar na jira ne sai tana kan caji, a kunne, ba a taɓa ta. Mu kuwa yaya muke caji? Kuran ya ɗauke, ka kawo wayar wurinmu, abu na farko da kake yi shi ne ka kashe ta don ta cika da wuri, ko don kada wani ya ɗaga maka kira. Ko kuma kuran ya dawo na awa ɗaya, ka jona ta kana zaune kanta kana kallon bidiyo. A haka ba ta taɓa samun sararin gama aikinta ba, sai abin kwana biyu ya ja mako. Saboda haka mataki na farko: ka ba ta dare guda cikakke a kan caji, a kunne, fuskarta a kashe, ka rabu da ita. In akwai wifi ya fi. In babu kuran, pawa bank ko sola ma sun isa. Da safe ka kashe ta ka sake kunnawa. Ka maimaita dare biyu ko uku kafin ka yanke mata hukunci.

Cikin waɗannan kwanaki ka shiga Play Store, ko App Store in iPhone gare ka, ka sabunta manhajojinka duka. Sabon tsari da tsohuwar manhaja kamar sabuwar amarya ce da tsohuwar uwar gida, ba a rasa ƴar hayaniya. Na san forfe, wato kuɗin hawa intanet, na da tsada, shi ya sa da yawa suka kashe sabuntawa ta kai tsaye. To ka nemi wurin wifi, ko forfen dare in layinka na da shi, ka yi sau ɗaya ka huta.

Kwana uku sun wuce, caji na zuba har yanzu? Yanzu ne za a nemi ɓarawon, kuma wayar da kanta za ta nuna maka shi. Ka shiga parametir, ka shiga wurin batir, ka nemi jerin da ke nuna abin da kowace manhaja ta sha. Sunan wurin na ɗan bambanta tsakanin Samsung da Tecno da Infinix da itel da iPhone, amma duk suna da shi. Karanta jerin shi ne gwaninta. In ka ga TikTok ko Facebook a sama, kuma ka san ka wuni a kansu, ba laifin kowa ba ne, bidiyo da hasken fuska dama su ne manyan masu shan caji. Wanda ake nema shi ne wanda ba ka buɗe ba amma yana sama. Wani ɗalibin jami'ar André Salifou ya kawo mini tasa yana rantsuwa mizajur ya kashe masa waya. Muka duba tare: wata manhajar sauke bidiyo da abokinsa ya tura masa, ya buɗe ta minti huɗu kacal a ranar, amma ta yi sama da awa shida tana aiki a bayan fage. Muka goge ta, magana ta ƙare. Ko dala ban karɓa ba, shayi ya saya mini.

In manhajar da ka kama kana buƙatarta, ba sai ka goge ba. Ka danna kanta, ka hana ta aiki a ɓoye. Amma a kula: kada ka yi wa WhatsApp haka, saƙo zai riƙa iso maka a makare. Kada kuma ka yi wa manhajar kiran salla, ranar da za ka makara asuba za ka tuna da ni. Su kuwa manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka, masu cewa za su share waya su sanyaya batir, ni dai duk wayar da ta zo hannuna da su sai na roƙi mai ita mu cire. Suna kashe manhajoji, manhajojin su sake tashi, kowane tashi kuma caji ne, ga talla ba dare ba rana.

Daga nan ka leƙa abubuwan da mizajur kan kunna ko ya sauya ba tare da ka lura ba: ƙarfin haske, na'urar nuna wurin da kake, Bluetooth, agogon da ke tsayawa a fuskar waya ko tana kulle. In wayarka na da zaɓin saurin motsin fuska, 60 ya fi 90 ko 120 tattalin caji. Baƙar fuska da samari ke yayi tana taimakawa ne kawai a wayar da nau'in gilashinta shi ne wanda ake kira AMOLED ko OLED. A kan LCD, wanda yawancin ƙananan wayoyinmu ke da shi, ado ne kawai.

Sai rezo. Waya in tana wurin da rezo ya yi rauni, ƙara ƙarfi take yi tana neman eriya, kamar mai kiran wani daga nesa. Mu kuma kusan kowa layi biyu ne a wayarsa, kowane na nasa neman. Wanda ya yi mizajur jiya, yau ya kama hanyar Tanut ko Gure, ya isa ya tarar caji ya ƙare, sai ya ɗora wa mizajur, alhali hanya ce ta sha. Akwai gwajin da nake ba mutane, ba ya cin ko sisi. Da dare ka cire wayar daga caji, ka rubuta kashi nawa take, ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka kwanta. Da asuba ka duba. A abin da na saba gani, lafiyayyar waya kashi biyu zuwa biyar take saukewa. Daren gaba ka maimaita ba tare da yanayin jirgi ba. In daren farko ta riƙe, na biyu ta zubar, matsalar na wajen rezo ko wata manhaja mai hawa intanet. In duka dararen ta zubar da yawa, to mun fara kusantar batirin kansa.

Kuma gaskiya, sau da yawa mizajur ba ya kashe batir, asirinsa yake tonawa. Batirin lityum da ke cikin wayoyin nan yana tsufa da kowane caji. Apple ya bayyana cewa an ƙera batirin iPhone ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, daga iPhone 15 kuma 1000. Mai caji kullum, 500 bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Wannan ma a yanayi mai kyau ke nan. Kamfanin ya ce wayar ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, wuce haka na iya rage wa batir ƙarfi har abada. To mu da a watan Afrilu da Mayu zafi ke haura 40 a inuwa, me za mu ce? Ɗan kabu-kabu ya ɗaure waya a kan babur rana na dukanta daga safe zuwa azahar, da dare ya tura ta ƙarƙashin matashi tana caji cikin rigarta ta roba. Irin wannan batirin dama a bakin rami yake, nauyin sabon tsari tura shi kawai ya yi. Ka cire mata riga in za ka yi caji, ka ajiye ta a kan siminti a inuwa, ko kusa da randa inda ruwa ba zai taɓa ta ba. Kada ka sa ta a firigo, na ga wanda ya yi, raɓa ta taru a ciki ta ci masa waya.

Masu zargin cewa kamfanoni na rage wa tsofaffin wayoyi ƙarfi da gangan, ban cika yi musu dariya ba. A Disamba 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin iPhone masu tsohon batir, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato. A Fabrairu 2020 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da mutane ba. Alherin da ya fito daga rigimar shi ne wurin duba lafiyar batir da aka ƙara a iOS 11.3 cikin 2018. In iPhone gare ka, musamman okaziyo, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, ka shiga can. Ƙasa da 80, canji ya zo. Masu Samsung su duba cikin Samsung Members, akwai gwajin batir. Sauran kuwa alamomi za ka bi: caji ya yi tsalle daga 40 zuwa 10 cikin ƴan mintoci, waya ta mutu tana nuna 20, ko ta cika cikin ƙiftawar ido ta zube haka. In kuma bayanta ya kumbura ko gilashi ya fara ɗagowa, babu zancen jiran kwana uku. Ka daina caji, kada ka danna, kada ka soka masa allura wai iska ta fita, wuta yake kamawa. Ka kai wa mai gyara a ranar.

Hajiya ba ta dawo ba. Bayan mako biyu na haɗu da ita a wani suna a Birni, ta ce wayar ta "warke da kanta", ko ambaton dararen cajin ba ta yi ba. Na ce alhamdu lillahi.

Akwai dai lokacin da laifin na mizajur ɗin ne da gaske, an saki shi da kuskure. Alamarsa ita ce masu irin wayarka da yawa na kuka iri ɗaya a lokaci ɗaya. Maganinsa yawanci wani ƙaramin mizajur ne da ke biyo baya, don haka kada fushi ya sa ka ƙi na gaba. Ban kuma ba da shawarar a yi filashin don komawa tsohon tsari, komai naka zai goge, wani lokaci wayar ta ƙi tashi sam. Nan gaba in babba ya fito, ka bari ya kwana bakwai ka ji labari a fada, ka rage kaya in wayar ta cika, ka tabbata caji ya haura rabi, sannan ka danna.

Formataj, wato goge komai wayar ta koma kamar sabuwa, shi ne na ƙarshe, in duk waɗannan sun gaza kuma batirin lafiyarsa ƙalau. Yana yin magani wani lokaci. Amma kafin ka yarda a yi maka, ka kwashe hotuna, ka adana saƙonnin WhatsApp, sannan ka tabbata ka san adireshin Google ɗin da ke kan wayar da lambar sirrinsa. Wayoyin Android na yanzu, in aka goge su ba ta cikin parametir ba, sai sun nemi wannan asusun kafin su buɗe. Rabin masu zuwa wurina wani yaro ne ya buɗe musu shi a shago ranar da suka sayi wayar, yaron kuma ya tafi Agadas ko Libiya tuni. Ka gwada shiga da lambar a wata wayar tukuna. In ta buɗe, ka rubuta ta a takarda ka sa a aljihu, sannan ka kawo.