Yadda Ake Koyon Bangaskiyar Katolika Kafin A Shiga, Da Abin Dubawa Kafin A Fita

Ranar da za a karɓi Kirista baligi cikin Ikilisiyar Katolika, zai tsaya gaban jama'a ya furta da bakinsa cewa ya gaskata dukan abin da Ikilisiya take gaskatawa, take koyarwa, take kuma shelarsa a matsayin abin da Allah ya bayyana. Ba rabin koyarwar ba, ba kuma wadda ta kwanta masa a rai kaɗai ba. Mutum ba zai yi wannan furuci da gaskiya ba in bai san abin da ke ciki ba. Shi ya sa dokar Ikilisiya, a sashe na 865, ta ce ba a yi wa baligi baftisma sai ya nuna yana so, an koyar da shi yadda ya kamata, an kuma ga yadda yake tafiyar da rayuwarsa ta Kirista. Sashe na 748 ya haramta a tilasta wa kowa shiga. Wanda ya zo saboda aure, ko don ya faranta wa wani, ko don waƙoƙin Mas, wato babbar ibadar Katolika, sun taɓa zuciyarsa, ba a kore shi ba, amma irin wannan dalili ba ya riƙe mutum idan tafiya ta yi nisa.

Littattafan da za ka nema

Uku sun isa. Na farko Littafi Mai Tsarki bugun Katolika, mai littattafai 73: 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Bugun da Furotesta suke amfani da shi 66 ne. Bakwai ɗin da suka kawo bambancin su ne Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu, sai wasu sassa na Esta da Daniyel. Ka duba jerin da ke shafin farko kafin ka saya, domin idan malamin koyarwa ya ce a buɗe Makabiyawa na biyu sura 12 a kan addu'a domin matattu, kai kuma babu shi a naka, an bar ka a baya.

Na biyu Katekizim na Ikilisiyar Katolika, littafin da ya tattara koyarwarta, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1992. Yana da sakin layi 2,865, kowanne da lambarsa, kuma da lambar ake neman abu, ba da shafi ba, saboda shafuka suna sauyawa daga bugu zuwa bugu. Na uku shi ne Taƙaitaccen Katekizim na 2005, tambaya da amsa 598. Da shi ake farawa. Babban littafin na bincike ne, mutane da yawa sun ɗauke shi daga shafin farko da niyyar kai ƙarshe, suka ajiye tun ba su gama kashin farko ba. A gefen kowace amsa ta ƙaramin akwai lambobin da za su kai ka inda aka faɗaɗa bayani a babban.

Tsarin karatu

Katekizim kashi huɗu ne, kuma jerinsu ba haka kawai aka yi shi ba: abin da aka gaskata, sai sakramenti bakwai, wato ibadu masu tsarki irin su baftisma da aure, sai rayuwa bisa Dokoki Goma, sai addu'a. Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa daga kashi na uku. Mutum ya ji abin da Ikilisiya ta ce a kan saki ko hana haihuwa, ya tsaya nan yana jayayya wata da watanni, alhali bai taɓa zama ya tambayi kansa ko ya yarda Yesu ya tashi daga matattu ba, ko kuma ya yarda ya ba manzanninsa ikon koyarwa. Idan amsar waɗannan biyu a'a ce, muhawara a kan sauran ɓata lokaci ce. Idan i ce, dokokin suna da inda suka tsaya. Mai gini ba ya ɗora jinka kafin bango ya tashi.

Ma'aunin da mai aiki ko mai iyali zai iya riƙewa: tambayoyi huɗu a rana daga Taƙaitaccen Katekizim, za ka gama cikin wata biyar. Tare da shi ka karanta Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, sura ɗaya a rana, sannan Luka, Ayyukan Manzanni, sai Yohanna. Ka ajiye littafin rubutu mai shafi biyu a buɗe. A dama ka rubuta abin da ba ka gane ba, a hagu abin da ka gane amma ba ka yarda ba. Raba su yana da amfani ƙwarai, domin na farko bayani yake nema, na biyu kuwa zama da fada, wato firist, ko malamin koyarwa, da lokaci, da addu'a.

Ka fara zuwa Mas kowace Lahadi tun makon farko, kada ka jira sai ka gama karatu. Karatun Lahadi yana zagayawa cikin shekara uku, shekara ɗaya Matiyu, ɗaya Markus, ɗaya Luka, Yohanna kuma ya fi fitowa a lokacin Ista. Amma kada ka shiga layin karɓar Jiki da Jinin Ubangiji tukuna. Ba raini ba ne. Karɓa shaida ce ta cewa kai da Ikilisiya bakinku ɗaya a kan komai, kai kuma ba ka kai ga faɗin haka ba.

Abin da yake dole da wanda ba dole ba

Nan ne aka fi samun ruɗani, kuma nan ne mutane suke fasa shiga, ko su fita, saboda abin da ba a taɓa ɗora musu ba. Abubuwan da za ka tarar hawa uku ne.

Akwai aƙida wadda ba ta sauyawa: Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda majalisun bishop-bishop na Nikiya a 325 da Kustantiniya a 381 suka shimfiɗa, Maryamu Uwar Allah, daga majalisar Afisa a 431, gurasa da ruwan inabi sun zama Jiki da Jinin Almasihu na gaske a Mas, an ɗauki cikin Maryamu ba tare da zunubin asali ba, wanda aka tabbatar a 1854, da ɗaukarta zuwa sama jiki da rai, a 1950. Rashin kuskuren Paparoma, wanda majalisar Vatican ta farko ta bayyana a 1870, yana cikin wannan hawa, amma ka karanta iyakarsa da kyau. Bai shafi hirarsa da 'yan jarida ba, bai shafi ra'ayinsa kan siyasa ba, bai kuma ce Paparoma ba ya zunubi ba. Ya shafi lokacin da ya yanke hukunci a hukumance, domin dukan Ikilisiya, a kan bangaskiya ko ɗabi'a.

Hawa na biyu dokokin gudanarwa ne. Ana bin su, amma Ikilisiya na iya sauya su. Rashin auren fada misali ne: a Ikilisiyoyin Katolika na Gabas, waɗanda suke tarayya ɗaya da Roma, ana naɗa mai aure fada. Ƙa'idojin azumi ma haka suke.

Hawa na uku ibadar ganin dama ce. Rozari (addu'a da carbi), nobena (addu'ar kwana tara), ziyarar wurare masu tsarki, da bayyanar Maryamu a Lourdes a 1858 ko Fatima a 1917. Ikilisiya ta amince da su, tana ma ƙarfafa wasunsu, amma sakin layi na 67 na Katekizim ya faɗa ƙarara cewa irin waɗannan wahayi ba sa cikin taskar bangaskiya. Duk abin da wani ya ce maka dole ne, ka tambaye shi lambar sakin layin. Wannan tambaya kaɗai tana kashe rabin gardama, musamman ta intanet, inda kowa da wayarsa ya zama malami.

Batun siffofi da waliyyai kuwa, kada ka tsaya ga abin da idonka ya gani. Majalisar Nikiya ta biyu a 787 ta bambanta sujada, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawa. Roƙon waliyyi shi ne neman ya yi maka addu'a.

Matakan shiga

Ka je wurin fadan cocin da ke kusa da kai ka faɗi abin da ya kawo ka. Tsarin da ake bi a yau an fitar da shi a 1972, bayan majalisar Vatican ta biyu. Matakin farko na tambaya ne, ba alkawari, ba wa'adi. Idan ka yanke shawara, za a karɓe ka a gaban jama'a a matsayin mai koyo, a yi maka alamar gicciye. Daga nan ka riga ka zama na gida ta wata fuska, har idan ka rasu kafin baftisma ana yi maka jana'izar Ikilisiya. Tsawon lokacin koyo ya danganta da abin da bishop ya tsara da kuma yadda kai kanka kake tafiya, sau da yawa shekara ɗaya ko fiye. A Lahadin farko ta azumin kwana arba'in ake rubuta sunayen zaɓaɓɓu, yawanci a gaban bishop. Lahadi ta uku, ta huɗu da ta biyar akwai addu'o'in binciken zuciya, ana kuma miƙa maka Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji. A daren jajibirin Ista ake yin baftisma, tabbatarwa (sakramentin shafa mai domin baiwar Ruhu Mai Tsarki) da karɓar tarayya ta farko (Jiki da Jinin Ubangiji) a Mas ɗaya. Koyarwa tana ci gaba kwana 50 har Fentikos, kuma nan ne wasu suke ɓacewa, suna ganin an gama.

Idan an taɓa yi maka baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a wata ɗarika, ba za a sake ba. Ka nemo takardar shaida, in babu, wanda ya gani da idonsa ya ba da shaida. Wanda aka yi wa da sunan Yesu kaɗai, ko a wurin da ba a yarda da Triniti ba, wato Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sai an yi masa. Idan akwai shakkar da aka kasa warwarewa, ana yin baftisma bisa sharaɗi. Wanda ya riga ya sami baftisma zai yi ikirarin zunubi a wurin fada kafin ranar karɓa, kuma ba lallai ya jira Ista ba.

Uban baftisma ko uwar baftisma sai Katolika mai shekara 16 zuwa sama, wanda aka tabbatar, yana karɓar tarayya, rayuwarsa ta dace da bangaskiyar, kuma ba mahaifinka ko mahaifiyarka ba. Ka zaɓi wanda zai ɗaga waya idan ka kira shi bayan shekara biyar, ba wanda zai yi kyau a hoto ba.

Maganar aure a faɗe ta tun zaman farko. Ita ce ta fi dakatar da mutane ana saura mako biyu Ista. Idan kai ko abokiyar zamanka kun taɓa yin wani aure, kotun Ikilisiya za ta duba ko auren farko ya ɗauru tun asali, kuma binciken kan ɗauki watanni. Mutumin da ba shi da baftisma kuma yana da mata fiye da ɗaya, sashe na 1148 na dokar Ikilisiya ya ce zai zauna da ɗaya, ta farko in zai yiwu, kuma dole a tanadi bukatun sauran bisa adalci. Abu ne mai nauyi, ba a yanke shi cikin gaggawa.

Ka kuma san mafi ƙarancin abin da za a nema gare ka: Mas kowace Lahadi da ranakun idi na wajibi, ikirari aƙalla sau ɗaya a shekara, tarayya aƙalla sau ɗaya a lokacin Ista, azumi ranar Larabar Toka da Juma'ar Gicciye ga mai shekara 18 zuwa 59, barin nama a ranakun da Ikilisiya ta tsara daga shekara 14, taimakon Ikilisiya gwargwadon hali, da kame baki awa ɗaya kafin tarayya, ban da ruwa da magani.

Ga wanda yake tunanin fita

Da farko ka rubuta dalilinka a jimla ɗaya. Yawanci za ka ga ɗaya ne cikin uku: wani ya ɓata maka rai, ko wa'azi da ibada sun zama maka salam, ko akwai koyarwar da ka daina yarda da ita. Na ukun ne kaɗai ya taɓa gaskiyar Ikilisiya. Shi ma ka karanta abin da ta faɗa da bakinta kafin ka ƙi, domin da yawan waɗanda aka haifa a ciki iliminsu ya tsaya inda ajin tarayya ta farko ya bar su. Sakin layi na 2088 na Katekizim ya raba shakkar da ta zo wa mutum ba da sonsa ba da wadda ya zaɓa ya riƙe.

Dalilan da masu zama suke riƙe da su ana iya bincika su. Wajen shekara ta 155, Yustin Shahidi, marubuci Kirista, ya kwatanta taron Lahadi: karatu, wa'azi, addu'a, kawo gurasa da ruwan inabi, godiya, rabawa, a kai wa waɗanda ba su zo ba. Sakin layi na 1345 ya kawo bayanin, ka riƙe shi ka kwatanta da Mas ɗin da ka sani. Wajen 180, Ireniyus, wani bishop, ya jera bishop-bishop na Roma tun daga manzanni har zamaninsa. Sai Yohanna sura 6, inda almajirai da yawa suka juya baya saboda maganar cin Jikin Yesu, shi kuwa bai sassauta ba, Bitrus kuma ya ce wurin wa za su tafi.

Game da zunubin shugabanni, tsohuwar tambaya ce. Bishop Agustin ya fafata da 'yan Donatus, wata ƙungiya da ta ɓalle, a Afirka ta Arewa a kanta, kuma matsayin Ikilisiya shi ne sakramenti aikin Almasihu ne, bai rataya ga tsarkin wanda ya ba da shi ba. Wannan bai ce a yi shiru ba. Idan laifi ne kamar cin zarafin yaro, a kai wa hukuma, a kuma sanar da bishop. Idan kuwa rashin jituwa ce da fada ɗaya, ba wanda ya hana ka zuwa Mas a wani cocin Katolika.

Wanda ya riga ya fita yana son dawowa ba a sake yi masa baftisma ko tabbatarwa. Ya nemi fada, ya faɗi tsawon lokacin da ya yi da inda ya shiga, ya yi ikirari, wanda fadan ba shi da ikon fallasawa ko da za a kashe shi. Idan ya yi aure a waje ba tare da izinin Ikilisiya ba, sai a gyara auren a gaban fada da shaidu biyu kafin ya koma karɓar tarayya.